Mangwaron da ke Kan Kabarin Inna

Tunkiya ɗaya ta rage mini a gida, ita ma na riƙe ta ne don kada a ce tsoho ya bar kiwo. Da ruwa ya zauna bana sai na ɗauki lauje na fita in yanko mata ɗanyar ciyawa, ta huta da dusa da harawar kasuwa. Na zaga Abakpa lungu-lungu, yara suna kallona suna ƙus-ƙus, don wasunsu ba su taɓa ganin lauje a hannun mutum ba. Ban sami abin da zai cika tafin hannu ba. Ko'ina siminti ne, ƙofar gida siminti, bakin kwata siminti, har gindin bishiya an zagaye shi da siminti kamar an shaƙe mata wuya. Taurin kai ya sa na hau a-daidaita na nufi Malali, inda a da muke kira daji. Can ma gidaje ne sun haɗa kafaɗa. A ƙofar wani gida mai dogon bango na tarar da maigidan da kansa, riƙe da tiyo, yana ba wata ciyawar ado ruwa a ƙarƙashin mangwaro. Wadda ke rana kore shar, wadda ke inuwa kuwa ta yi ɗai-ɗai kamar gemun ɗan samari. Na yi masa sallama na ce, "Alhaji, ko kogin Kaduna ka juyo mata ba za ta kama ba. Ba ƙishirwa ke damunta ba." Ya dubi laujena, ya dubi takalmina, ya ce to, ya gode. Ban ga laifinsa ba. Ni ma ba a rana ɗaya na san wannan ba, kuma wurin da na koye shi ba wurin da zan yi wa wani fatan ya koya ba ne.

Lokacin ƙuruciyarmu ciyawa aikin yara ce, kamar ɗebo ruwa da kai niƙa. Gidan da ba akuya ba tunkiya a unguwarmu sai dai na gwauro. In an taso daga makaranta mu watsa abin da muka samu a ciki, mu saɓa buhu mu fita. Ba ma yin nisa gidaje sun ƙare, sai gonaki da fadama. Kwaɗi suna ta kiɗansu tun rana ba ta faɗi ba, can nesa jirgin ƙasa ya yi kuka, kusa kuwa ba ka jin komai sai shap-shap ɗin lauje da gardamar yara kan wanda ya riga ganin wuri mai kyau. Gamba ta fi mu tsayi, tofa ta yanyanka mana ƙafa, harƙiya ita ce abin nema don dabba tana sonta. Mu dawo gab da magariba buhu a ka, wuya yana ƙaiƙayi, ƙafa duk taɓo, ladan yana kiran salla da muryar da Allah ya ba shi, ba lasifika, amma har bakin rafi ana jinsa. Yaran yanzu in ka ce musu harƙiya sai su zaci sunan wata cuta ce.

A gidanmu mai duba aikin Goggo ce, yayar mahaifina, wadda ta dawo wurinmu da zama bayan rasuwar mijinta. Ta zo da awakinta, ta zo da bakinta. Ba ta karɓar buhu ta yi shiru. Sai ta zazzage shi a tsakar gida, ta tsuguna, ta damƙo ta shinshina, ta faɗa maka inda ka yanko kamar tana bayanka. "Wannan ta gindin ɗorawa ce, Allah ya yi maka albarka. Wannan kuwa ta gefen bishiyar turare ce, dubi yadda ta ƙanjame, sai dai ka ci abarka." A bakinta na fara jin cewa kowace bishiya da irin riƙon da take yi wa abin da ke ƙarƙashinta. Ɗorawa ganyenta ƙanana ne, rana tana ratsawa, in ya zuba ya ruɓe da wuri ya zama taki, shi ya sa ciyawar gindinta take daɗewa ɗanya bayan ta fili ta bushe. Gawo, wanda ta sani a ƙauyensu can arewa, ya fi kowa kirki, don da damina yake zubar da ganye ya bar wa na ƙasa rana. Turare ya shanye ruwan ƙasa tas, ganyensa kuma ya ƙi ruɓewa. Mangwaro kuwa, Goggo da shi ba sa ga-maciji. "Yana ba ka zaƙi ta sama, yana kashe maka ƙasa," in ji ta. "Ka taɓa ganin an yanki ciyawa a gindin tsohon mangwaro?" Ni dai da kunne ɗaya nake jinta, hankalina yana kan tukunya.

Shekarar da na fara iya kai azumi har magariba mahaifiyata ta rasu. Inna muke ce mata. Da bazara ne, ta kwanta da wani zazzaɓi da ya ƙi jin magani, a gidan hayar da muke ciki mai rufin kwano. Aka kai ta maƙabartar da ke bayan unguwa, wadda ke kan gangare, ƙasanta rafi. Baba kafinta ne, mutum marar yawan magana, irin wanda fushinsa da murnarsa duk a bugun guduma ake gane su. Bai yi kuka a gabanmu ba. Da ruwan farko ya sauka sai ya zo da dashen mangwaro a cikin gwangwani, ya dasa shi yamma da kabarin, taku kaɗan, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Da rani ya riƙa ɗaura garwar ruwa a bayan keke yana kai masa kafin ya buɗe shago. Mutane suka yaba. Malamai sun ce duk ɗanyen abu yana tasbihi, ga shi kuma masu jana'iza za su sami inda za su fake. Kafin ka ce me, kowa ya kawo nasa, mai malaina, mai turare, mai mangwaro, kowa yana neman lada wa nasa mamacin. Niyya ce mai kyau, sai dai ba wanda ya tuna da ciyawa.

Wanda bai saba zuwa maƙabarta ba zai ce ciyawa kuma mece ce a wurin. Kabarinmu ba gini ba ne. Ana jera itace a kan ramin, a toshe da ganye da taɓo, a tara ƙasa ta yi tudu, a kafa fasasshen tulu wajen kai, shi ke nan. A lokacin ba mai zagaye kabari da bulo, ba allon ƙarfe mai suna kamar yadda nake gani yanzu. Abin da ke riƙe tudun nan kada ruwa ya tafi da shi ciyawa ce, musamman ƙiri-ƙiri, mai yaɗo tana kafa saiwa a kowace gaɓa har ta ɗinke ƙasa kamar tabarma. In tudun ya tafi itacen ya fito, in itacen ya ruɓe kabarin ya rufta. In ma bai rufta ba, ya shafe ya koma fili, wata rana masu haƙa su zo su sa diga a wurin ba su sani ba. Kabarin Inna ya yi sa'a da farko, bai daɗe ba ƙiri-ƙiri ta lulluɓe shi.

Shekaru suka tafi. Na gama makaranta na shiga shagon Baba, gemu ya fara tsirowa, hannu ya yi kanta. Mangwaron ya girma tare da ni, ya ma fi ni sauri, ya miƙa rassa gabas ya rufe kabarin ruf. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci ni da Baba sai mu biya mu yi mata addu'a. Wurin ya yi sanyi, ya yi duhu mai daɗi, kowa ya zo sai ya ce Malam ya kyauta. Ni kuwa idona a ƙasa yake, don an hore shi da neman ciyawa tun yana ƙarami. Na ga ta fara yin dogon wuya tana fari-fari. Na ga ta janye daga tsakiya ta koma gefe, inda rana take ɗan leƙowa, daga baya can ma ta bari. Busasshen ganye ya yi katifa ya danne ɗan abin da ya rage. In an yi ruwa, ganyen sama ya tara shi ya riƙa sako shi manya-manyan ɗigo a wuri ɗaya, ko an ɗauke ruwa shi bai ɗauke ba, har tudun duk ya yi ramuka. Ƙasar kuma tana bin gangare tana tafiya rafi kaɗan-kaɗan. Abin ya tsaya mini a rai. Uwata ce a ƙarƙashin ƙasar nan, kuma ina kallo ana yaye mata rufi.

Ran da na fara yi wa Baba maganar muna hanyar dawowa ne. Na ce, "Baba, kun lura tudun Inna yana raguwa?"

Ya ce, "Ƙasa ce, a ƙara mata."

Muka ƙara, ruwan da ya biyo baya ya kwashe. Juma'ar da ta zagayo na sake gwadawa. Na ce, "Baba, ina ganin inuwar nan ce ta kashe ciyawar. Da za a ɗan rage rassan..."

Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya tsaya cak a tsakiyar hanya ya ce, "Ko ganye ɗaya. Ka ji ni ko? Ko ganye ɗaya." Ban taɓa jin ya maimaita magana ba sai ran nan.

To, tunda an hana ni sama, sai na koma ƙasa. Na riƙa zuwa bakin rafi da fartanya ina ɓamɓaro ƙiri-ƙiri da ƙasarta, in loda a kwando, in ɗora a keke, in jera a kan tudun in danna da ƙafa. Ta yi kore 'yan kwanaki, ta yi rawaya, ta mutu. Na ce ƙila yunwa ce, na kwaso kashin awakin Goggo na zuba. Ta mutu. Na ce ƙila ganyen ne, na riƙa zuwa da tsintsiya ina sharewa kafin in wuce shago. Ta mutu. Na tuna kyasuwa tana jure inuwa, na tsinko irinta na watsa. Ita kam ta fito, amma siririya, ta yi tsayi ta kwanta, da rani ya shigo ta bushe, saiwarta kuwa da yatsa biyu za ka tuge ta, ba abin da za ta riƙe. Damina ta wuce, wata ta zo, ina kan abu ɗaya. Abokaina suka sa mini suna mai gonar maƙabarta, in sun gan ni da kwando su ce yaushe za a yi girbi. Ban kula su ba.

Mata ba sa zuwa maƙabarta, don haka Goggo ba ta taɓa ganin kabarin ba, amma ta san shi fiye da wasu masu zuwa. In na dawo sai ta zaunar da ni ta ce in faɗa mata. "Da hantsi akwai haske a kai?"

"Babu, Goggo."

"Da azahar fa?"

"Babu."

"To kai ɗan nan, me kake ba ta? Ka kulle mutum a ɗaki ka hana shi tuwo, sannan ka yi ta shafa masa mai? Ciyawa rana take ci. Ka kwashe bakin rafin nan duka ka kai mata, mutuwa za ta yi."

Da Baba ya shigo cin abinci ran nan ta tare shi. Ita kaɗai ce mai yi masa magana yadda ta ga dama, don ita ta goye shi. Ta ce, "Kafinta, ashe kai ma tsoron zarto kake?"

Ya ce, "Yaya, sadaka na dasa. Tana yi mata tasbihi."

"Ita ciyawar da ta kashe ba ɗanya ba ce? Ko ita bebiya ce?"

Ya ce, "Yaya, a bar maganar." Ya wanke hannu ya tashi, tuwon ko rabi bai ci ba. Goggo ta bi shi da kallo har ya fita, sannan ta rage murya ta ce mini, "Akwai abin da bai faɗa ba. Kada ka saki maganar, kada kuma ka yi masa a ɓoye."

Ta san dalilin da ya sa ta faɗi haka. Ɗan kafinta ya san yadda ake kashe bishiya ba a ji faɗuwarta ba. Ka zagaye gindin ka ɓare ɓawon, ka tafi abinka, ta bushe a tsaye a ce Allah ne. Abokaina sun ba ni wannan shawara ba sau ɗaya ba. Amma ni na ga mutumin nan yana tura keke da garwa a kan gangare da zafin rani, na san in mangwaron ya mutu haka kawai, makoki na biyu zan sa shi. Sai na ƙudura a raina cewa kabarin Inna ba zai shafe ina raye ba, kuma da bakin Baba za a sa wa bishiyar nan zarto. Duk Juma'a in mun shafa addu'a mun juyo, sai in ce, "Baba, mangwaron nan yana son aski." Ya yi kamar bai ji ba. Juma'a ta zagayo in sake faɗa, da murya ɗaya, ba ƙari ba ragi. Yaran yanzu za su ce wannan wace irin wahala ce, ka san gaskiya ka tsaya jiran izini. Su a waya suke gardama da iyayensu, in ta yi zafi a ce ba sabis. Mu ba a yi mana wannan ƙofar ba. Ban yi nadamar jiran ba, amma ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da na ji haushin Baba har cikin ƙashina.

Wata rana ba aiki a shago, na je na zauna a maƙabartar tun hantsi har la'asar sakaliya, ba na komai sai kallon yadda inuwa take tafiya. A nan na gane abin da ya kamata in gane tun tuni. Gindin bishiyar yana yamma da kabarin. Rassan da suka miƙa gabas su ne suka yi masa rumfa. In aka cire su kaɗai, rana za ta sauka a kan tudun daga fitowarta har ta yi tsaka. Da zarar ta karkata kuwa, inuwar abin da ya rage za ta dawo ta rufe shi har faɗuwarta. Na dawo gida da wannan a cikina kamar mai ɗauke da ƙwai, amma ba wurin ajiye shi, don Baba da ya ji kalmar rassa yake toshe kunne.

Cikin marka aka yi wani ruwa da ya fara da la'asar ya kwana yana zuba. Gari na wayewa aka bi gida-gida ana cewa ruwa ya yi ɓarna a maƙabarta, duk namiji ya fito. Muka fita da shebur da diga da kwanduna. Abin da muka tarar ba ya son maimaici. Ɓangaren da ke fili, inda ciyawa take, ko gezau bai yi ba, ruwa ya bi ta kai ya wuce ya bar ta a kwance. Ɓangaren bishiyoyi kuwa ruwa ya yanyanka shi kwari-kwari. A ƙarƙashin malaina wasu kaburbura sun rufta, dattawa suka tsaya suka kare da zannuwa, suka ce samari su ja baya. Ba mai magana sai salati ƙasa-ƙasa. Ni da Baba muka wuce wurin Inna. Ruwa ya yanka hanya ta gefenta, ya tafi da kusan rabin tudun. Bakin itacen da aka jera a kanta ya fito, baƙi ƙirin, ya fara ruɓewa. Baba ya yar da shebur ya durƙusa, ya riƙa tura taɓo da hannu yana rufewa. Muka cike, muka jera duwatsu don ruwa ya sauya hanya. Ni da shi mun san duwatsun nan ba za su kai mu ƙarshen damina ba.

Ran nan mun buɗe shago amma ba a buga ko ƙusa ba. Baba ya zauna a kan wani benci da ba mu gama ba, taɓon maƙabarta ya bushe a gwiwar wandonsa. Ban jira Juma'a ba. Na tsuguna a gabansa na ce, "Baba, ruwa na gaba zai buɗe ta."

Ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya ce, "Kana zaton ban gani ba? Na riga ka gani." Ya murza tafin hannunsa, busasshen taɓo yana zuba. "Tun da aka kawo uwarka gidan nan take roƙona in dasa mata bishiya a tsakar gida. Na ce gidan haya ne, ta bari in mun gina namu. Ba ta sake magana ba. Da ciwon ya yi tsanani, da azahar, kwanon nan yana zubo wuta, sai ta ce mini, Malam, fitar da ni inuwa. Kuna makaranta. Na sungume ta na fito tsakar gida. Na juya nan, na juya can, ba inuwar da zan ajiye ta. Haka na mayar da ita ɗakin." Ya kakkaɓe hannunsa. "Na san mamaci ba ya jin rana. Na yi karatu gwargwadon hali. Amma ni ina ji."

Duk haushin da na tara ya zube. Na ji kunya, na ji tausayi, na ji kamar in ce a bar mangwaron ya yi yadda ya so. Amma bakin itacen nan yana idona, kuma na san in na yi laushi yanzu shi ke nan. Na ce, "Baba, ba sarewa za a yi ba. Gindin yana nan, rassan yamma suna nan. Na gabas kaɗai nake roƙo. Na zauna na duba da idona. Ranar safe ce kawai za ta same ta, ita kuwa ba ta ƙuna. Da rana ta karkata inuwarku za ta dawo, ranar azahar ba za ta taɓa ta ba. Ku ba ciyawa safiya, ku riƙe sauran."

Ya tashi ya ja ƙofar shago, muka tafi gida. Na ba Goggo labari, ta share ido da bakin zane ta ce, "Ƙanen nan nawa, sai ya kashe kansa da shiru." Washegari da muka fito daga sallar asuba, a ƙofar masallaci, ya ce mini ba tare da ya dube ni ba, "Ɗauko zarto da igiya."

In faɗa muku tun yanzu, ciyawar ta kama. Damina ba ta ƙare ba sai da ƙiri-ƙiri ta haɗa baki a kan tudun, kuma daga ran nan ruwa bai sake cin ƙasarsa ba. Wasu sun gani sun rage nasu rassan, wasu sun ƙi, kaburburan nasu yau sai dai a nuna da hannu a ce wajen nan ne. Mangwaron yana nan da ɓari ɗaya, duk gabanin damina ana yi masa aski. Gwiwa ta hana ni hawa, sai dai in tsaya a ƙasa ina nuna wa 'ya'yana da sanda, suna cewa Baba ai ya isa, ina cewa bai isa ba. Muddin ina numfashi ba reshen da zai sake ƙetarawa gabas. Amma in na rufe ido ba ciyawar nake gani ba, safiyar nan nake gani.

Na ɗauko zarto da igiya da kwandon ciyawa, na tarar Baba yana jirana a ƙofar gida sanye da babbar rigarsa ta Juma'a, kamar mai zuwa gaisuwa. Ban tambaya ba. Muka isa raɓa ba ta bushe ba. Na hau, na fara da ƙananan rassa, in ɗaure kowane da igiya, shi ya sassauto shi a hankali don kada ya faɗa kan kaburburan mutane. Ba abin da ake ji sai zarto da kurciya. Muka zo kan babban reshe, wanda ya ratsa kan kabarin daga wannan gefe zuwa wancan. Na dubi Baba, ya gyaɗa kai. Na daɗe ina yanka, ƙaro yana manne mini a hannu. Reshen ya yi ƙara ya saki, igiya ta miƙe, Baba ya kafa ƙafa ya sauke shi gefe. Sai ga rana ta faɗo kan kabarin Inna, karon farko cikin shekaru, ta haske jar ƙasar da ramukanta da fasasshen tulun da ke wajen kai.

Baba ya saki igiyar. Ya zaga a hankali ya koma gabas da kabarin, ya tsaya tsakaninsa da rana, ya buɗe hannuwansa, babbar rigar ta bazu, inuwarsa ta rufe tudun daga kai har ƙafa. Na sauko daga bishiyar. Na jawo kwandon na durƙusa, na jera ciyawar a cikin inuwar mahaifina, na danna, na yayyafa ruwa. Na gama bai motsa ba, hawaye yana bin gemunsa.

Na ce, "Baba."

Ya ce, "Na sani."

Ya ƙara tsayawa kaɗan. Sannan ya sauke hannuwansa, ya tattara rigarsa, ya ja gefe ya bar rana ta sauka a kanta.